Gandar da Na Kai wa Baba Tela Dungas

Tun da na dawo daga Nijar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ina zama a bencin majalisa, kafin a miƙo mini kofi wani zai ce, "Sabo, yaya Faransa?" Wani ya ce in yi musu Faransanci, Ɗanlami direba kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai da gaske ne burodinsu ya kai sanda tsawo. Nakan yi dariya in ce hanya lafiya, mutane lafiya. To, ba ita ce amsar ba. Na rubuta wannan ne don a karanta shi a bencin nan, domin a kansa abin ya fara, kuma bakina ba zai iya faɗa ina kallon idanunku ba.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata babbaka. Kawunan shanu da na awaki, ƙafafu, da fatar da ake yin ganda, duk ni nake ƙone musu gashi a nan Gumel. Filin da nake aiki surukina ne ya ba ni shekara goma sha bakwai da suka wuce, wato mahaifin matata Hadiza, wanda kowa ke kira Baba Tela. Rumfarsa ta ɗinki tana gefen filin, ba ta fi taku ashirin daga ramin babbakata ba. Da kara da itace na fara aiki. Da itace ya yi tsada sai na koma tsofaffin tayoyi daga wurin masu faci, don taya ɗaya tana yin abin da dami uku na kara ba za su yi ba. A duk shekarun nan maganar da ke haɗa ni da shi ba ta wuce gaisuwa ba: in durƙusa daga nesa, ya amsa kansa na kan keken ɗinki. Haka surukuta take a wurinmu, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Bara ya fara tari. Aka sha magani, aka yi gwajin tarin fuka aka ce ba shi ba ne, ya rame, daga baya jini ya fara fita. Aka tura mu Kano, ni na raka shi tare da Hadiza. A ɗakin likita na ji an tambaye shi, "Baba, ka taɓa shan sigari?" Ya ce a'a. Sai likitan ya ce ya cire riga, ni kuwa na miƙe na fita, don ba zan tsaya ina kallon jikin surukina ba. Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne na huhu, aka sa ranar da zai koma a fara magani.

Ni a iya sanina mashaya sigari ne ke yin wannan ciwo. Sai na zo nan, na zauna inda nake zama, na ce, "Ashe tsohon nan namu yana busawa a ɓoye." Kun tuna, don kun yi dariya. Kwana uku maganar ta isa masallacin da ya yi shekara arba'in yana sahun gaba. Bayan mako ɗaya na iske rumfa babu kowa, babu keke. Saura kwana tara ranar Kano. Na tambayi Hadiza ina Baba ya tafi, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Je ka tambayi majalisarku."

Sai na shirya neman sa. Da yake ba a zuwa wurin suruki hannu biyu, na zaɓi busasshiyar ganda mafi kyau a shagona, na cika rabin buhu. A lokacin ina ganin na yi dabara.

Gagarawa na fara zuwa, wurin wani amininsa mai sayar da hatsi. Na same shi a bakin rumfa, na yi sallama na durƙusa. Ya amsa a taƙaice, bai ce in zauna ba, ga tabarma a shimfiɗe. Ya dubi buhuna ya ce, "Me ka kawo masa? Ashana?" Na rasa inda zan sa fuskata. Can ya ce, "Ba ya nan. Ka gwada Sule Tankarkar wurin ƙaninsa." Ko ruwa ban sha a garin ba, na juyo Gumel na shiga motar Sule Tankarkar.

Mu huɗu aka cusa a baya, kusa da ni wata mata mai tabarau, Madam Rifkatu. Daga can wajen Filato ta zo, ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a ƙasar nan har Hausarta ta fi tawa tsabta. Muna isa Ɗanzomo mota ta yi tari biyu ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya ce minti biyar, muka yi awa biyu a ƙarƙashin darbejiya. Da na ji aikinta sai na ce bari in samu mai goya mini baya.

Na ce, "Madam, wani dattijo ne a unguwarmu aka ce yana da kansar huhu. Ai sigari ke kawo ta ko?"

Ta ce, "Sigari ce kan gaba, wannan gaskiya ne. Yana sha?"

"Ya ce ba ya sha."

"To, ka yarda da shi mana. Na yi jinyar matan da ko warinta ba sa so, kuma ciwon ya kama su. Huhu bai san sunan hayaƙi ba, malam. Abin da ka shaƙa yau, ka shaƙa gobe, shekara da shekaru, shi yake tarawa. Hayaƙin manyan motoci, na janareto, na bola da ake cinna wa wuta. Wani kuma ba a gano dalili ko kaɗan. A ina yake wuni?"

Na ce tela ne, a rumfa yake wuni. Ta ce me ke kusa da rumfar. Na ce, "Akwai wani maƙwabcinsa da ke ƙona taya."

Ta cire tabarau. "Taya? Kullum?"

"Kusan kullum."

"Shekara nawa?"

"Sun fi goma."

Ta ce, "Kai! Wannan maƙwabci ba ya tsoron Allah. Shi ba shi da ido ne, ba ya ganin inda hayaƙin ke zuwa?"

Wallahi, ni da bakina na ce, "Ai mutumin banza ne, Madam." Na zagi kaina a Ɗanzomo har wani fasinja ya taya ni. Ita kuwa sai ta dubi farcena, waɗanda ko ranar salla ba sa fita daga baƙi, ta dubi buhun da ke tsakanin ƙafafuna. Da mota ta tashi muka isa gari, tana sauka ta leƙo ta taga ta ce a hankali, "Ka gaishe da maƙwabcin. Ka ce masa shi ma ya je a duba ƙirjinsa."

Abin da ta tambaya shi ya tsaya mini a rai, don ina da ido, kuma na fi kowa sanin inda hayaƙin ke zuwa. Farkon abin da ake koya wa mai babbaka shi ne ya ba iska baya. Kafin in kunna wuta nakan ɗebi ƙasa in sake ta in ga inda ta nufa, in tsaya a ɗaya gefen. Da na gina ramin ma, na gina shi ne ta yadda hayaƙi ba zai dami masu jiran kayansu a benci ba. Ya bar benci, ya bar ni, ya nufi rumfa. Ba ranar da ban ga haka ba.

Ƙanin Baba Tela ya ce kwana biyu ya yi a wurinsa, ya sa aka ɗaure masa keke a bayan babur ya wuce Dungas, gidan ƙanwarsu Gwaggo Delu. A zaurensa na kwana. An kawo tuwon dawa da miyar kuka, tuwo mai kyau, amma mai gidan bai sa hannu tare da ni ba, ya ce ya ƙoshi.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Na hau acaɓa muka bi ta cikin gonaki, yashi ya kayar da mu sau ɗaya, buhun ganda ya yi gefe, ni na yi gefe, ɗan acaɓan yana ta cewa laifin kayana ne. Tun daga nesa na hango baƙin hayaƙi a bayan kara, wato kasuwar dabbobi, na san 'yan'uwana ne ke aiki. Da a da ne sai in zagaya ta bayan iska in gaishe su, a ba ni wurin zama. Ranar sai na ce a sauke ni a gefen da hayaƙin ke sauka. Akwai masu sayar da igiya a jere, da wata tsohuwa mai gyaɗa ta rufe hanci da gefen mayafi. Na tsaya kusa da ita. Ban yi minti goma ba idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya yi ɗaci, wata baƙar toka tana sauka a kan hannun rigata. Na ce, "Inna, ba ki matsa daga nan?" Ta ce, "In matsa in je ina, ɗan nan? A nan masu saye suka san ni." Shekara goma sha bakwai ina wannan sana'a, wannan ne karo na farko da na tsaya a wannan gefen.

Kan iyaka bai ba ni wahalar da nake tsoro ba. Namu suka duba katin ɗan ƙasa suka ce in wuce. A wancan gefen wani jandarma siriri ya karɓi katin, ya juya shi, ya tambayi inda za ni da Hausarsu mai "tahiya" da "lahiya". Sai ya nuna buhu. Na kwance. Ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago da sauri ya kira abokin aikinsa.

Ya ce, "Mushe," wato malam a Faransancinsu, "wannan nama ne ko taya?"

Na ce ganda ce, tsaraba ce zan kai wa mara lafiya.

"Mara lahiya! Kana so ka ƙarasa shi ne?"

Suka yi ta dariya, suka ce in ɗauki abina in tafi, ba su da takardar da ake rubuta irin wannan kaya. Na so in bar buhun a wurin, amma na ji kunyar su gan ni ina yarwa. Haka na sake saɓa shi.

Daga nan bayan wata tsohuwar akori-kura muka hau, mu da tumaki biyu da buhunan gishiri. A can ɗan acaɓa sunansa kabu-kabu, makaranta lakwal, kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa: sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an koma kan gida. Ɗanlami, burodin gaskiya ne. Dogo ne, bayansa da tauri har ya kan kankare dasashi, ana saƙale shi a hammata kamar laima. Shayinsu kuwa ba irin namu na madara a babban kofi ba ne. Ɗan ƙaramin gilashi ne, ɗaci kamar maɗaci, sau uku ake zubawa, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Wata mata a motar ta ba ni kwaɗon zogale da dambu a leda, na ci, ya fi na gidanmu yaji.

Na isa Dungas bayan la'asar. Aka nuna mini gidan Gwaggo Delu. Na je har ƙofa, na ji tari daga ciki, tarin da na sani. Amma ban shiga ba. Na wuce kamar mai neman wani gida, na yi ta tafiya har na tambayi inda mahauta suke. Wani dattijon mahauci ya karɓe ni a zaurensa ba tare da tambaya ba, da yake sana'a ɗaya ce. Da safe na bi shi wurin babbakarsa. Mun yi tafiya har muka wuce gidan ƙarshe, sannan ga rami, ga tarin karan gero. Na ce ba ya wahala da nisan nan? Ya ce ubansa ne ya gina shi a nan, don matan gari sun ce yana ɓata musu shanya. Na ce taya fa, ta fi sauri. Ya ce, "A manyan garuruwa akwai masu yi, har a nan ƙasar. Ni dai naman da zan kai gidana ba na gasa shi da takalmin mota." Ban gaya masa abin da ke cikin buhuna ba, amma ina jin hancinsa ya gaya masa.

Da hantsi na koma. Na tsaya a zaure, ina haɗa kalmomin sallama, ban kai ga buɗe baki ba na ji muryar Baba Tela daga tsakar gida, a shaƙe: "Delu, ce wa mijin Hadiza ya shigo." Ba wanda ya gan ni. Warin ne ya riga ni shiga.

Yana zaune a inuwa a kan kekensa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Farin alawayyo ne a gabansa. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Gwaggo Delu, gajeruwar tsohuwa mai kaifin baki, ta zauna a tsakaninmu, don ta bakinta za a yi maganar. Ta fara da ɗaukar buhun da yatsa biyu ta kai shi bayan gida. Ta dawo ta ce, "Kai ne mai labarin sigari?"

Na ce ni ne.

"Ka san abin da likita ya tambaye shi bayan ka fita?"

Na ce ban sani ba.

"Ya ce, to Baba, akwai wani hayaƙi da kake wuni a cikinsa? Yayana ya ce babu. Hadiza tana tsaye, ya harare ta ta yi shiru. Mutumin nan tun muna yara ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai ranar, don kada a rubuta sunan mijin 'yarsa a takardar asibiti. Kai kuma ka je ka rubuta nasa a bakin mai shayi."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Gwaggo, ki tambaye shi, me ya sa bai taɓa gaya mini ba? Da ya ce in matsa, wallahi da na matsa."

Ba ta ko juya ba ta ce, "Shi zai buɗi baki ya ce wa surukinsa sana'arka ta dame ni? Da ita kake ciyar da 'yarsa da jikokinsa. Kai da kake da ido fa? Shekara nawa rabon da ka ga farin yadi a rumfarsa?"

Na tuna. Da can shi ke ɗinka wa rabin unguwa fararen kaftani na salla. Daga baya ya koma shuɗi da ruwan ƙasa kawai, masu fari suka koma wurin wasu. Ni har na taɓa ce wa Hadiza idon Baba ne ya fara rauni.

Sai ya taka keken kaɗan, ya tsaya, ya ce, "Delu, ce masa wannan likkafanina ne. Na so in haɗa shi da hannuna, a inda zai zauna fari."

Na ce, "Ki roƙe shi ya yafe mini. Ki ce masa saura kwana biyar ranar Kano, Hadiza ba ta ci ba ta sha."

Sai tari ya kama shi. Da ya lafa, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mini aure. Ya juyo ya dube ni, ya kira sunana.

"Sabo. Hayaƙi na yafe, neman abinci kake yi, kuma ciwo na Allah ne. Kano zan je saboda Hadiza. Amma ni ba ni da gona, ba ni da shanu. Abin da zan bar wa jikokina shi ne a ce kakansu mutumin kirki ne. Shi ka ɗauka. A inda ka ajiye maganar nan, ka koma can ka kwashe ta."

Kwana biyu muka ƙara, ya gama ɗinkinsa, Gwaggo ta naɗe shi a leda biyu. Gandar kuwa ni na haƙa rami a bayan gari na binne ta. Muka dawo ta Maigatari, shi a gaban mota, ni a baya rungume da kan keke. Jandarman nan ya gane ni, ya ce, "Mushe mai taya, yaya mara lahiya?" Na nuna masa shi da hannu, ya daina dariya, ya sara masa.

Mun je Kano a ranar da aka sa. Wannan karon ban fita ba. Na gaya wa likita komai da bakina. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa hayaƙina kaɗai ne ya jawo ba, amma da an gaya masa tun farko ba zai yi mamaki ba, kuma ciwon ya riga ya yi nisa. Ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina da na Hadiza. Ramin na cike shi da ƙasa, na koma bayan gari da kara, aikin da nake gamawa kafin azahar yanzu yana kai ni la'asar. Baba yana gida, wata rana ya zauna, wata rana ba ya iyawa. Ledar nan tana ƙarƙashin matashinsa.

Wannan ita ce tafiyar da kuke tambaya. Na ga burodi, na ga jandarma, na sha shayi mai ɗaci. Yanzu saura abin da aka aiko ni. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina a bencin nan, da wanda ya kai ta gidansa, da wanda ya kai ta masallaci, don Allah ya ɗauki wannan ya kai ta inda ya kai waccan: Baba Tela bai taɓa shan sigari ba. Ni na kunna, shi ya shaƙa.